Tsohon layin dogon kurmi da alkawarin jirgin ƙasa zuwa Yendi

Tun da aka buɗe sabon layin dogo daga Tema zuwa Mpakadan a Nuwamba 2024, mai tsawon kilomita 97, ake ta maganar cewa zai zarce ta Hohoe da Bimbilla da Yendi da Tamale har Paga, ya shiga Burkina Faso. Kafin mu yi guɗa, ina ganin ya kamata mu waiwayi tsohon layin da ke kwance cikin kurmi.

Turawa sun fara shi daga Sekondi, ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, Kumasi a 1903. Duba garuruwan da ya bi: zinari a Tarkwa da Obuasi, manganis a Nsuta, ga katako da koko. Abin da za a kwasa zuwa bakin teku shi ya zana hanyar. Daga Kumasi kuwa bai ƙara taku ɗaya zuwa Arewa ba. Gwamna Guggisberg ya so a ƙarasa, aka bar maganar a takarda.

Mu muka ji a jikinmu. Salaga, inda ayarin Kano ke sauka don sayen goron Gwanja, ta riga ta raunana tun yaƙin 1892. Da jirgi ya zo, sai goro ya koma bin Sekondi, ya hau teku zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Fatake suka koma zangunan kudu, samarin Arewa suka zama leburori a ramukan zinari.

Yau ciyawa ta rufe yawancin wannan layi. Masu galamse na haƙa har ƙarƙashinsa, ɓarayi na yanke ƙarafan suna sayarwa. Da za a adana tsofaffin tashoshi da ma'aikatar gyaran jirage ta Sekondi, da jikokinmu sun sami inda za su ga gumin kakanninsu.

Ga inda nake jin tsoro. Abin da ya fi jawo hankalin gwamnati ga Yendi shi ne taman ƙarfe na Sheini da ke gabashinta. In ma'adini kaɗai zai sake zana hanya, to an maimaita 1903 ke nan: taragu su wuce cike da dutse, manomin doya na tsaye yana kallo. Salaga da Bawku ma ba sa kan layin.

Don haka sarakunan zango da 'yan majalisarmu su tambaya tun yanzu, kafin a dasa ƙarfe. Ina tashar fasinja? Ina wurin lodin doya da shanu? Wace hanyar mota za ta kawo albasar Bawku bakin jirgi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.