Ido Ba Mudu Ba: Tsoron Na'urar Ɗaukar Hoto

A makon nan za mu taɓa wani ciwo da ke damun 'yan kasuwa da malamai da masu sana'a, watau rawar baki a gaban na'urar ɗaukar hoton bidiyo. Sai ka ga ɗan kasuwa a Suleja wanda yake iya yini yana ciniki bakinsa bai gaji ba, amma da zarar an saita masa wayar hannu don ya tallata hajarsa a Facebook, sai yawu ya ƙafe, zuciya ta dinga dukan uku-uku, magana ta sarƙe.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Shi Bahaushe ba ya zance sai da amshi. Kana faɗa, abokin hira yana cewa "haka ne", "ƙwarai kuwa", yana gyaɗa kai. Ita kuwa na'ura ba ta amsawa, sai dai ta ƙura maka ido guda. Ga shi kuma an tarbiyyantar da mu a kan cewa kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne, alhali na'urar nan idonta take so ka kalla. Har muryarka ma, in aka sake maka ita, sai ka ji kamar ta baƙo, domin ka saba jin ta ta cikin ƙasusuwan kanka.

To, mutanen Suleja ba sai sun je nesa neman darasi ba. A garin nan, tun yana amsa sunan Abuja, zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wani Bature mai suna Michael Cardew ya kafa makarantar koyar da ginin tukwane. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. Baiwar Allah nan ba ta yi boko ba, amma ta tsaya gaban taron Turawa a Ingila, ta kuma zaga Amurka a 1972, ana kallon ta ana ɗaukar hotonta. Me ta riƙa yi? Yumɓunta ta ajiye, tana zaga shi tana ɗora gini da hannu har randa ta tashi, sannan ta zana mata kada da ƙadangare da kunama. Hankalinta yana kan aikin da ta sani tun tana yarinya, ina ta ga sararin tunanin yadda ake kallon ta? Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20, tana aikinta.

Saboda haka, mai dinki ya zauna kan kekensa, mai sayar da atamfa ya warware ta yana bayani. Wanda ya haddace jawabi kalma-kalma shi ya fi saurin tuntuɓe, gama in guda ta ɓace sauran sun bi ta. A riƙe kan magana biyu ko uku kurum. A kuma tsayar da aboki a bayan mai ɗaukar hoto, yana gyaɗa kai, a yi zancen da shi. Kafin a fara, a ja numfashi a hankali, a kurɓi ruwa. In an yi kuskure, ai ba kai tsaye ake watsawa ba, sai a goge a sake.