Abin da ke hana masu wasannin kwamfuta komawa Linux

Shekara goma da suka wuce, duk mai son wasannin kwamfuta dole ya rungumi Windows. Linux, babbar manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta ya kuma gyara, 'yar kallo ce kawai.

Kamfanin Valve ne ya sauya lissafin. A 2018 ya fito da Proton, wadda ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux, sannan a 2022 ya saki na'urar hannu ta Steam Deck. Yanzu dubban wasanni na tashi lafiya lau.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajojin hana maguɗi. Fortnite da Valorant ba sa buɗewa a Linux, kuma a 2024 kamfanin EA ya rufe ƙofar Apex Legends, yana cewa 'yan maguɗi na fakewa da manhajar. Wannan hukuncin kuɗin goro ne. Masu Linux tsiraru ne, shi ya sa korarsu ta fi araha a kan biyan injiniyoyi su toshe ɓarakar.

Sai dai Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Idan masu su suka karkata zuwa Linux, korar za ta yi wa kamfanonin tsada.