Yaron da Mota Ta Bari a Baya

'Yan'uwa, dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati. Amma ku tambayi iyaye a Dutse abin da suke biya: kuɗin PTA, rigar wasanni, bikin yaye ɗalibai, motar zuwa ganin zanen duwatsun Birnin Kudu. A makarantun kuɗi, har da na ekklisiya, abin ya fi tsanani.

Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Mai 'ya'ya huɗu, hatsi zai saya ko rigar biki? Abin da ya fi ciwo, yaro ne ke shan kunyar, domin sunansa ake kira a gaban aji.

A 2025 jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare. Mu ba sai mun jira doka ba. Makarantu su faɗi duk kuɗin zango tun ranar farko. Ziyara tana da amfani, amma a tafi da kowa. Matasa masu sana'a, ku biya wa yaro ɗaya a ɓoye, kada ya san hannun da ya ba shi.