A dawo mana da madafinmu na tsakar gida

Wai kicin ɗin waje ƙauyanci ne, an wuce wurin. Da wannan maganar wani mai zanen gidaje ya sallami matar ƙanena makon jiya, da ta tambaye shi inda za ta kafa murhu a gidan da suke shirin ginawa. Abin da ya zana mata shi ne abin da ake yayi yanzu daga Gwarinpa har Nasarawa GRA: kicin ba bango ba ƙofa, haɗe da falo, da wani dogon teburin dutse a tsakiya. Maigidan har ya amince, don ya ga irinsa a Instagram. To ni dai ban ga wayewa a nan ba. Abin da na gani shi ne mutumin da bai taɓa tuƙa tuwo ba yana yanke wa mai tuƙawa hukunci.

Wanda ya ƙirƙiro irin wannan kicin ya san abin da yake ci. Gidan mutum uku ne ko huɗu, a ɗumama abin gwangwani, a gasa burodi, a tashi. Mu kuwa fa? A ɗora man ja ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a zuba albasa da attarugu, a kawo daddawa da busasshen kifi. Duk wanda ke falo sai ya yi tari, kuma labule da kujerun da aka kashe wa dukiya su ne za su shanye ƙaurin, har gobe yana nan. Tuwon mutum goma sha biyar ba a tuƙa shi a tsaye a kan kanta mai tsawon santimita 90. Sai an sauke tukunya ƙasa, an zauna a kujera 'yar tsugunno, an danne ta da ƙafa an kama muciya hannu biyu. Turmi kuma a ina za a kafa shi? A kan tayil? Kafin a gama dakan sakwara ɗaya ya tsage.

Sannan ga maganar da masu zanen nan ke yi kamar ba su san ta ba. Falo wurin baƙi ne, kuma yawancinsu maza. A zafin Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato ke haura digiri 40, mace na aiki da ɗaurin ƙirji, zufa na zuba, sai ga abokan miji sun yi sallama. Ko ta bar miya a wuta ta gudu ɗaki, ko ta zumbula hijabi ta tsaya da shi a gaban harshen wuta. Wanne daga ciki ne ci gaban?

Za su ce ai akwai na'urar zuƙe hayaƙi. Da wace wutar? A Afrilun 2024 'yan rukunin Band A na masu amfani da lantarki suka ga an mayar musu da yunit ɗaya naira 225, sauran jama'a kuwa ko ta gani ba sa samu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira, kuɗin gas ya yi tashin da ya mayar da gidaje da yawa kan gawayi, har da gidajen manyan ma'aikata. Gawayi kuma ba a hura shi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. Ita ma silindar gas ɗin, sai ka tarar an cusa ta cikin kabad a ƙarƙashin murhu don kada ta ɓata ado, alhali gas ya fi iska nauyi, in ya zurare ƙasa yake kwantawa ya jira ashana. Wurinta waje, cikin ɗan keji mai iska. In kuma aka ce hayaƙin itace na cutar da mata, to sai a bar musu rumfa mai tagogi inda iska ke ratsawa, ba a toshe su a falo ba.

Kabad-kabad ɗin nan ma su ne suka fi ci mini rai. An rushe sito, an maye gurbinsa da akwatunan katakon garin katako da aka manne a bango, masu ƙyalli a ranar jere. Ruwa ya taɓa su sau biyu su kumbure, ƙofa ta saki, kyankyasai su tare a baya. Bahaushe da kaka yake sayen abinci: buhun masara, buhun gero, wake, shinkafa, jarkar man gyaɗa. A wane kabad buhu zai shiga? Ƙarshenta sai a jibge su a ɗakin yara ko ƙarƙashin bene. Kuma wa ke biyan kuɗin wannan ado? Sau da yawa uban amarya ne, wanda ya riga ya durƙushe da gado da kujeru da firji, yanzu an ƙara masa da kafintan da zai je ya auno kicin. Mutum ya ci bashi don katakon da ba zai kai yayen ɗan fari ba.

Ranar suna, ko washegarin Babbar Sallah da za a soya rago biyu, ko azumi da ake ƙosai da kunu na sadaka, kowa ya san abin da ke faruwa. Mata na fitowa wurin ajiye mota, su jera duwatsu uku a kan siminti, su hura wuta. Ruwan wanke-wanke ya kwanta ba rariya, bango ya yi baƙi. Madafin da aka ƙi zanawa dai sai an yi shi, amma a wulaƙance.

Wannan cuta ba a kicin ta fara ba. Masu zanen nan su ne suka cinye zaure, suka cinye tsakar gida, suka cika fuloti da gini daga katanga zuwa katanga har iska ta rasa hanya. Da yawansu a Zariya suka yi karatu, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa tun ƙarni na 19. Gidan Makama na nan a Kano, kowa na iya shiga da rana tsaka ya ji sanyin kaurin bangonsa. Magabata sun yi gini don zafinmu da zamanmu, jikokinsu na kwafo hoton gidan ƙasar ƙanƙara suna kiranmu 'yan ƙauye.

Maigida, kafin a haƙa harsashi ka shimfiɗa wa matarka zanen nan, ka bar ta ta yi magana. A sa wa kicin bango da ƙofar baya, a fitar da sito mai ɗaukar buhuna, a bar rumfar girki a waje da famfo da rariya. Mai zanen da ya ƙi, ka karɓi takardarka ka nemi wani, kuɗinka ne.