Kachala Ba Ta San Jam'iyya Ba

Tun da gwamnatin Audu Bako ta kammala Dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ba. Da shi ake noman ranin shinkafa da alkama da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Ƙauyukan Madobi da ke maƙwabtaka ma sun ci arzikinsa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ƙananan magudanan da ke shiga gonaki. Gyaran manya haƙƙin hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are ne, mun yarda. Amma wadda ta ratsa gefen gonar mutum fa? Laka ta cike ta, ciyawar kachala ta rufe ta, na ƙarshen layi yana kukan ruwa, na farkon layi ya naɗe hannu wai sai gwamnati ta zo. A da, gayya ake kira, a yashe ta kafin azahar. Yanzu ka kira samari, sai su tambaye ka nawa ne, kuma wa ya ɗauki nauyi.

'Yan siyasa na da nasu kason laifin. Sun saba wa mutane da rabon taki da injin ban ruwa gab da zaɓe, bisa jerin sunayen 'yan jam'iyya, har wanda bai da ko kunya ɗaya ya karɓa ya sayar a kasuwa. Mafita ita ce ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su sa ranar yasa kafin a buɗe ruwan bana, su ci tarar wanda ya ƙi fitowa, ko ɗan wace jam'iyya ne.