4K a gida: hoto kake saye ko lamba?

Duk wanda ya leƙa kantin kayan lantarki a Maraɗi, Damagaram ko Yamai cikin ƴan shekarun nan ya san wannan maganar. Mai kanti zai tsayar da kai gaban tele mai faɗi, tsuntsu yana shawagi a ciki, kana ganin gashin fiffikensa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce maka: "Wannan 4K ce, alhaji." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai bidiyon da ya nuna maka ba daga intanet yake zuwa ba. Yana cikin tele ɗin ne ko a kan kile, an shirya shi musamman don talla, an kuma ƙure hasken allon. A gida, da rezon da muke da shi, labarin daban ne.

Ra'ayinmu a fili yake: ga mafi yawan gidajenmu, biyan kuɗi don kallon bidiyo a 4K ta intanet asara ce a yanzu.

Mu fara da abin da 4K take nufi. Hoton tele ƙananan ɗigogin haske ne aka jera. A 4K akwai ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, jimilla sama da miliyan 8. A wanda ake kira 1080p kuwa, 1920 ne da 1080, wato miliyan 2 da ƴan kai. Ninki huɗu ke nan, kuma a takarda abin yana da ban sha'awa. Amma ido yana da iyaka. A tele mai inci 43, idan ka zauna nesa da ita da kamar mita biyu, da wuya ka bambance 4K da 1080p. Ko a mai inci 55, sai ka matso wajen mita biyu ko ƙasa da haka kafin ƙarin ɗigogin su yi maka wani amfani sosai. To ku auna ɗakinku. Tele tana manne a bango, mutane na zaune a tabarma ko kujera can ƙarshen ɗaki, yara ne kawai ke gaba, su ma ana korarsu baya kar idonsu ya lalace. Wa aka sayo wa ɗigogin?

Na waya ma ya fi ban dariya. Yawancin wayoyin da ke hannunmu allonsu 720p ne ko 1080p. Ka shiga YouTube ka zaɓi 2160p a irin wannan waya, data za ta tafi, batir zai yi zafi, hoton da za ka gani kuma bai wuce abin da allon ke iya nunawa ba.

Yanzu ga inda ciwon yake, wato lissafin data. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon 4K na iya cin har jiga 7 a awa ɗaya. Hoto mai kyau na HD bai wuce jiga 3 ba, na talakawa kuma wajen jiga 1. A ce gida yana kallon awa biyu kowane dare. A wata, 4K za ta iya lashe jiga 420. HD za ta tsaya a 180, ƙaramin hoto a 60. Kowa ya san nawa yake sayen forfe, sai ya ninka da kansa. Kuma a tuna cewa mafi ƙarancin albashi a hukumance a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, ga shi matasa da yawa ko wannan ba su samu a kai a kai. Ƙari a kan haka, Netflix ba ya ba da 4K sai a tsarinsa mafi tsada. Ka biya kamfanin fim, ka biya kamfanin waya, ka biya mai tele.

Ko da kuɗin ba su dame ka ba, saura gudu. Netflix yana son megabit 15 a kowane sakan don 4K, YouTube yana son 20, alhali 1080p megabit 5 ya ishe ta. Kuma ba gudun da ka gani sau ɗaya da asuba ake nufi ba, wanda zai tsaya daram daga farkon fim zuwa ƙarshe ake nufi. Bayan sallar isha, lokacin da unguwa duka ta hau rezo, kowa ya san yadda abin yake. Waɗannan manhajoji an gina su ne da wayo: da zarar gudu ya ragu, su ma sai su rage ingancin hoto a ɓoye don kada fim ya tsaya. Ba su sanar da kai. Kai kana zaune kana jin daɗi wai 4K kake kallo, ashe tun ɗazu an mayar da kai 720p. Abonema kuma ba a rage maka ko dala ba.

Za a ce ai Starlink ya shigo ƙasar a hukumance tun 2025, kuma akwai masu fayiba a wasu unguwannin manyan birane. Gaskiya ne, kuma ga mai irin wannan layi, maganar jiga ta ragu sosai. Amma layin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Gida guda mutum goma ne ko fiye, wani lokacin har maƙwabta da ƴan fada na ƙofar gida suna da lambar sirri. Abin da kallon 4K ɗaya ke sha ya kai na mutum biyar masu kallon 720p. Idan layin ya yi ƙunci, babban wa yana ɗaki yana kallon fim ɗin da idonsa ba ya ma bambancewa, ƙanwa tana fama da darasinta da ya ƙi buɗewa, inna kuma kiranta na bidiyo da ɗanta da ke Abijan yana yankewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da aka haɗa kuɗi aka biya tare.

Sai kuran. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ko babu takunkumi, watannin zafi sun ishe mu darasi. Babbar tele mai ƙurarren haske ta fi ƙarama jan wuta, kuma wanda ke kan pano da batir ya san cewa duk abin da tele ta sha, daga rabon fanka ta ɗauka.

Ba muna cewa kar a sayi tele mai 4K ba. Yau kusan duk wadda ta kai inci 50 da 4K take zuwa, ko kana so ko ba ka so. Saye ta idan girmanta kake buƙata, amma kar lambar ta ja ka ga ƙarin kashe kuɗi kowane wata. Ka kuma duba haskenta da launinta da kyau, domin tele mai arha da aka rubuta wa 4K a kwali tana iya kasa wata tsohuwar 1080p mai inganci. Masu ɗaukar bidiyon biki da masu shirya fim, su nasu dalilin daban ne: ɗauka a 4K na ba su damar yanka hoto su matso da shi ba tare da ya dushe ba. Wannan sana'a ce, kuɗin na dawowa. Ko da yake, da an tura bidiyon amarya ta WhatsApp an matse shi, ko an danna HD bai wuce 720p ba.

Ga sauranmu, aikin minti ɗaya ne. A shiga saitin YouTube a tsayar da hoto a 720p a waya, 1080p a tele. Abin da za a iya saukewa, a sauke shi da dare lokacin da rezo ya huta, a kalla gobe ba tare da tsayawa ba. Ƙwallo kuma ga mai dekoda, ta tauraron ɗan adam take zuwa, ba ruwanta da forfe.

Abin da ya kamata mu ɗaga murya a kai shi ne gudun da aka yi mana alkawari ya zama shi muke samu, da rana da dare, a Tawa kamar yadda yake a Yamai. Akwai hukumar ARCEP da doka ta ɗora wa sa ido a kan ingancin aikin kamfanonin sadarwa. Ku auna gudun layinku da ƙarfe tara na dare na tsawon mako guda, ku ɗauki hoton sakamakon, ku ajiye tare da sunan unguwa da ranar. Da irin wannan shaida ake kai ƙorafi a saurare shi.