Ra'ayinmu: Talabijin, Gem da Waƙar Waya, Daɗinsu da Iyakarsu

Malamin makaranta mutum ne kamar kowa. Idan ya wuni yana ɗaga murya a gaban yara, ya dawo gida ya duba littattafan aiki, ya rubuta shirin darasin gobe, yana da haƙƙin ya miƙe ƙafa ya kalli wasan kwaikwayo, ko ya saurari waƙa, ko ya ɗan taɓa gem a wayarsa. Muna jin daɗin waɗannan abubuwa uku, kuma ba mu ga abin kunya a faɗin haka ba. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan fitowa shi ne, yanayin jin daɗin ya sauya a tsawon rayuwarmu, sauyin kuma yana biyo yara har cikin aji.

An fara talabijin a Nijeriya a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun san akwatin nan mai hoto baƙi da fari wanda gida ɗaya ko biyu ke da shi a unguwa. Yara kan cika tsakar gida, manya na kan kujera, ana dariyar Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero. Washegari a makaranta kowa na da abin faɗi, domin abu ɗaya kowa ya gani. Kallon yana da mafari da ƙarshe: da yamma ake buɗe tasha, da dare a rufe ta da taken ƙasa, wani lokaci ma NEPA ta riga ta sallami jama'a. Iyaye ba su sha wahalar kafa iyaka ba, domin iyakar tana cikin abin kansa.

Yau Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ga Labarina da ire-irensa ana binsu a YouTube. Muna yaba wa masu shirya su, domin sun nuna cewa Hausa na iya ɗaukar dogon labari mai tsari wanda zai riƙe mai kallo wata da watanni. Sai dai tasha ba ta rufewa kuma, akwatin ma ya ƙanƙance ya koma cikin tafin hannu. Gidan da a da mutum ashirin ke kallon abu ɗaya, yanzu mutum biyar na kallon abu biyar, kowa da abin sauraro a kunne.

Haka lamarin waƙa yake. Da sai a jira gidan rediyo ya saka, ko a sayi kaset a riƙa juya shi da biro don tattalin batir. Yanzu Audiomack da Boomplay da YouTube, da Spotify da ta shigo Nijeriya a 2021, sun tara waƙoƙi a wuri ɗaya. Ribar wannan a wurin malami babba ce. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma muryoyinsu da na Ɗanƙwairo da Narambaɗa na nan ga mai nema. Malamin Hausa da ke son nuna wa 'yan aji shida yadda ake kirari ko zambo ko habaici zai iya kunna musu su ji da kunnensu, abin da littafi kaɗai ba zai yi ba.

Amma ya kamata mu fahimci yadda waɗannan manhajoji ke aiki. Yawancin masu saurare a nan ba sa biyan kuɗin wata, don haka kamfanonin na samun kuɗinsu ne daga talla, tallan kuwa gwargwadon daɗewar mutum a ciki ne. Shi ya sa da waƙa ta ƙare wata ke bi ba tare da an nema ba, manhajar kuma tana lura da abin da mutum ya tsaya a kansa ta ƙaro masa irinsa. Babba zai iya cewa ya isa. Yaro ɗan shekara tara da aka miƙa wa waya don ya yi shiru ba shi da wannan ƙarfi, kuma abin da zai ji a waƙa ta goma ba lalle ne ya yi kama da ta farko da uwarsa ta zaɓa masa ba.

Gem kuwa da yawanmu mun fara shi ne da macijin nan na Nokia 3310, bayan da wayar salula ta shigo a 2001. 'Ya'yanmu sun wuce nan, sun kai ga ƙwallon PlayStation a gidajen gem na unguwa. Ba mu cikin masu cewa duk ɓata lokaci ne. Kamar dara, gem mai kyau yana koya wa yaro lissafin abin da zai biyo baya, da jure faɗuwa, da sake gwadawa. Akwai yaran da son fahimtar umarnin gem ya sa suka dage da karanta Turanci. Duk da haka, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Alamunta su ne mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin illa, haka kuma ya ɗore kimanin shekara guda. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan, amma malami da uba su ne na farko da za su ga alamar idan ta fara.

Alamar da muka fi gani a aji ita ce gyangyaɗi tun darasin farko. Masana harkar barci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12 a kullum. Yaron da zai tashi ƙarfe shida na safe ya shirya makaranta, ke nan dole ya kwanta ƙarfe tara na dare in an yi jinkiri. Idan sha ɗaya ta same shi yana kallo, sa'a biyun nan a darasin lissafi zai biya su. Game da ƙanana kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon kallo, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a ɗaya a rana.

Tun da abin ba ya zuwa da iyakarsa kamar da, wajibi ne mu kafa ta da hannunmu. Muna kira ga 'yan'uwa malamai da iyalansu da a mayar da kallo abin yi tare: a zaɓi shiri, a zauna da yara, idan ya ƙare a kashe, a tambaye su me suka fahimta. Wayoyi su kwana a ɗakin iyaye. A sauke waƙoƙin da aka yarda da su a ajiye wa yaro, maimakon a bar manhaja ta zaɓa masa, wannan ma zai rage kuɗin data. Uban da ya zauna ya buga gem da ɗansa sau ɗaya a mako zai san abin da ke ciki fiye da wanda ya hana daga nesa. A taron iyaye da malamai kuma a tayar da batun gidajen gem, a nemi masu su su daina karɓar yaro mai kayan makaranta a lokacin karatu.

Mu kanmu wannan doka ta shafe mu kafin kowa. Malamin da ke latsa waya a gaban ɗalibai ba shi da bakin hana su, domin yaro ya fi koyi da abin da ya gani a kan abin da aka faɗa masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran firamare kuwa su ne ɗanyen iccen da aka damƙa mana. Mu ji daɗin kallonmu da saurarenmu bayan an tashi aiki, mu koya wa 'ya'yanmu su ji nasu daɗin, mu kuma koya musu lokacin da ake kashewa a kwanta.